Bola, gwanjo da gwangwan: tambayoyi da amsoshi kan sabon tsarin juya shara a Accra

A 'yan shekarun nan hukumomin Ghana da ƙungiyoyin ƙasashen waje sun yawaita zancen wani tsari da suke kira tattalin arziki mai kewayawa. Ana taro a otal-otal, ana fitar da takardu, amma mutanen da abin ya fi shafa suna Nima, Maamobi, Sabon Zango, Fadama da Ashaiman, wasu suna tura baro suna kiran "kondem", wato suna sayen matattun kayan ƙarfe da na lantarki, wasu suna kan keken ɗinki a Kantamanto, babbar kasuwar gwanjo ta Accra. Ga tambayoyin da aka fi yi a zango game da lamarin, da abin da ya sawwaƙa na amsa.

Wai me ake nufi da tattalin arziki mai kewayawa?

Tsarin da duniya ta saba da shi shi ne a haƙo, a ƙera, a sayar, a yi amfani, a zubar. Sabon tsarin yana son a toshe wannan ƙofa ta ƙarshe. Kaya ya daɗe a hannu, in ya lalace a gyara, in ya ƙi gyaruwa a cire abin da ke da amfani a jikinsa, sauran a narkar ya koma masana'anta, abin da ke ruɓewa kuma ya koma gona a matsayin taki. Akwai wani sashe da ake yawan mantawa, alhali shi ne babba: tun wajen ƙera kaya a daina yin abin da ba shi da makoma sai juji.

To ai mu a zango tun kaka da kakanni haka muke yi. Mene ne sabo a ciki?

Gaskiyarka. Wanda ya shiga Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota da ke maƙwabtaka da Sabon Zango, ko Suame Magazine a Kumasi, ya san injin da aka yanke wa ƙauna a Jamus zai iya ƙara shekaru yana jan tirotiro, wato motar haya. Mai gyaran waya a shataletalen Circle yana haɗa matattun wayoyi biyu ya tayar da ɗaya. Tsohuwar taya tana zama takalmi, robar man gyaɗa ta zama jarkar ɗiban ruwa, buhun shinkafa ya zama jakar cefane.

Abin da ke sabo abu uku ne. Na farko, kayan da ke shigowa yanzu ba irin na da ba ne, akwai leda mai shara-shara da tufafin roba da ba su da gyara. Na biyu, yawan ya fi ƙarfin hannu. Na uku, wanda ni a ganina shi ne ainihin maganar, har yanzu masu wannan aiki suna yin sa ne da huhunsu da bayansu, ba su da filin kansu, ba inshora, kuma duk ranar da aka ga dama sai a turo katafila. Idan sabon tsari bai taɓa wannan ba, sunan kawai aka sauya.

Me ya sa gwamnati ta farka yanzu?

Wuya ce ta sa. A 2014 kwalara ta kama sama da mutum 28,000 a ƙasar, mafi yawa a yankin Accra, kuma a ƙarshen shekarar aka ƙirƙiro ranar tsafta ta ƙasa a Asabar ɗin farko ta kowane wata. Sai daren 3 ga Yuni 2015, lokacin da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a Circle, mutum kimanin 150 suka rasu. Toshewar magudanan ruwa da kogin Odaw da shara na cikin abin da ya tsananta ambaliyar. Ga kuma matsalar wurin zubarwa: jujin Kpone ya cika kafin lokacin da aka tsara masa, har ya kama da wuta a 2019, sabon fili kuwa kullum sai ƙara nisa da tsada yake yi.

A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 don aikin GARID na gyara yankin Odaw, kuma Nima na cikin unguwannin da aka sa a ciki.

Wace doka aka yi, kuma tana aiki?

Ghana ba ta da ƙarancin doka. A 2013 aka hana fitar da tsohon baƙin ƙarfe zuwa waje, don masana'antun narka ƙarfe na Tema su samu abin aiki. A wannan shekarar aka fara aiwatar da hana shigo da tsoffin firji da na'urorin sanyaya ɗaki, saboda cin wuta da gurɓataccen iskar da ke cikinsu. A 2013 ɗin dai aka sa harajin kashi 10 cikin ɗari a kan kayan roba, da sharaɗin wani kaso ya shiga asusun sake sarrafa roba. Masu masana'antun roba sun shafe shekaru suna kukan cewa ana karɓar kuɗin amma asusun bai tsaya da ƙafarsa ba.

A 2016 majalisa ta zartar da doka mai lamba 917 kan shara mai guba da ta kayan lantarki, wadda ta tanadi haraji a kan kayan lantarki da ake shigowa da su don a biya kuɗin sarrafa su idan sun mutu. A 2019 Ghana ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta shiga ƙawancen duniya na yaƙi da sharar roba, a 2020 aka amince da manufar ƙasa kan roba, a 2021 kuma aka ɗora pesewa 10 a kan kowace litar fetur da dizal da sunan tsafta, wanda jama'a suka laƙaba wa harajin bola.

Tana aiki? Rabi da rabi. Inda dokar ta zo daidai da aljihun wani, kamar ƙarfen da Tema ke saye, tana tafiya da kanta. Inda sai an tara kuɗi a Baitulmali sannan a sako su ga masu tsince-tsince, nan ake jin shiru.

Ledar fiya wata da muke tarawa, ina take zuwa?

Wannan na cikin 'yan abubuwan da ke da kasuwa ta gaske. Ledar fiya wata roba ce iri ɗaya, ba gauraye, shi ya sa take da sauƙin narkarwa. Mata da tsofaffi ke tsince ta a tasha da bakin kasuwa, su cusa a manyan buhuna, dillali ya auna a sikeli ya biya da kilo. Daga nan sai a wanke, a niƙa, a narkar, ta fito ƙananan ƙwayoyi kamar shinkafa, a mayar da ita baƙar leda, bokiti, ko bututu. Kamfanin Nelplast na Nelson Boateng a Ashaiman yana gauraya sharar roba da yashi yana buga bulon daɓe, Trashy Bags kuma suna ɗinke ledar ruwan su yi jaka.

Amma kada wannan ya rufe mana ido. Ƙididdigar da aka fi ambata ita ce Ghana na fitar da sharar roba da ta kai kimanin tan miliyan ɗaya a shekara, kuma abin da ake sake sarrafawa bai kai kashi 10 cikin ɗari ba. Baƙar ledar da ake ƙunsa komai a ciki ta yi shara-shara da yawa, ba ta nauyi a sikeli, ba mai sunkuya mata. Ledar biskit da ta madara mai ƙyalƙyali a ciki, roba ce da alminiyam a manne, ba mai raba su. Su ne ke cika gota.

An rushe Agbogbloshie. Ba a huta da hayaƙin ba ke nan?

A farkon Yulin 2021 hukumomin yankin Accra ƙarƙashin minista Henry Quartey suka rushe filin gwangwan na Agbogbloshie, aka kuma mayar da 'yan kasuwar albasa da ke wurin zuwa Adjen Kotoku. Babu mai musun cewa wurin ya gurɓace. A 2013 an sa shi cikin wurare goma mafi guba a duniya. Wani bincike na 2019 ya auna ƙwan kajin da ke kiwo a wurin, ya gano ƙwai ɗaya na ɗauke da gubar dayoksin da ta ninka abin da hukumar abinci ta Turai ta yarda mutum ya ci a rana sau 220.

Ga yadda gubar ke fitowa. Yaro ya tara wayoyin wuta da aka zaro daga mota ko firji, dunƙule guda, yana son jan ƙarfen da ke ciki. Feɗe su da wuƙa aikin yini ne, don haka sai ya sa tsohuwar taya ko soson jikin firji ya cinna wuta, ya tsaya da doguwar sanda yana juyawa cikin baƙin hayaƙi har robar ta ƙone, ya watsa ruwa, ya kaɗe toka, ya kai sikeli. Mafi yawan yaran nan daga Arewacin Ghana suke, wajen Tamale da ƙauyukanta, kuma abin da suka samu shi ake aikawa gida.

Rushe filin bai kashe buƙatar jan ƙarfe ba. Aikin ya watse ne ya shiga lunguna, cikin Old Fadama da bayan gidaje, wasu suka nufi Teacher Mante da ke kan hanyar Kumasi, nesa da inda kayan suke. Kafin rushewar an fara wani gwaji mai ma'ana da tallafin Jamus: a sayi wayar da robarta a farashin da zai sa ƙonawa ta zama asara. An kuma kawo injinan feɗe waya tun 2014, kodayake sun fi dacewa da masu kauri. Irin wannan sai masu aikin suna tare a wuri guda ake iya yi da su. Yanzu hayaƙin da ke tashi a fili ɗaya ya rabu gida-gida, kusa da ɗakin da jariri ke kwance.

Gaskiya ne Turawa ke jibge mana matattun kayan lantarkinsu?

Akwai wannan, kuma yarjejeniyar Basel ta 1989 ta hana kai shara mai guba wata ƙasa ba da yardarta ba. Sai dai labarin ya fi haka faɗi. Binciken da aka yi kan shigo da kaya na 2009 ya nuna kimanin kashi 70 cikin ɗari na kayan lantarkin da suka shigo Ghana na hannu ne, kuma mafi yawansu suna aiki ko an gyara su sun yi aiki. Wato talabijin ɗin da ke mutuwa a hannun mai kondem sau da yawa ta yi shekaru a falon wani a Madina. Sharar tamu ce, ko da an ƙera kayan a wani wuri.

Gwanjon Kantamanto fa, arziki ne ko bola?

Duka biyun, kuma a dila ɗaya suke zuwa. Mai shago yana sayen dila mai nauyin kilo 55 ba tare da ya ga cikinta ba, sau da yawa da kuɗin bashi. Kayayo, yarinya 'yar Arewa, ita ke ɗauko ta a ka ta ratsa lungunan kasuwa, kuma wannan nauyi yana lalata ƙashin wuya da na baya. Da asuba a yanke ɗaurin, dila ta buɗe, masu saro su yi caa. Zaɓin farko ya tafi nan take da tsada, na biyu ya bi, na uku sai an kai wa tela ya rage ko ya sake fasali, an rina, an goge. Abin da ya saura, mai tabo da yagagge da rigar sanyi mai kauri da ba mai sawa a zafin Accra, shi ake sharewa da yamma.

Ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shigowa kasuwar a mako, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na fita a matsayin shara. Ƙungiyar dillalan gwanjo ta Ghana ta ƙi yarda, ta ce abin bai wuce kashi 5 ba. Kowa da abin da yake karewa, amma wanda ya je bakin teku ta wajen Jamestown ya ga tsummokaran da suka nannaɗe suka zama igiyoyi a cikin yashi, ya san ko nawa ne ya fi ƙarfin birnin.

Duk da haka, da wuya a samu wani wuri a duniya da ake ceto tufafi da yawa kamar Kantamanto. Da gobara ta cinye babban sashen kasuwar a farkon Janairun 2025, dubban mutane suka rasa jari a dare ɗaya, kuma 'yan kasuwar ne da kansu suka fara kafa katako tun toka ba ta huce ba.

Me zai hana a hana shigo da gwanjo gaba ɗaya?

Talaka zai sa me? Kuma abin da zai maye gurbin ba atamfar Akosombo ba ce, sabbin tufafin roba ne masu araha da ke yagewa bayan wanki kaɗan. Abin da masu fafutuka ke nema shi ne kamfanonin da suka ɗinka kayan su biya kuɗin kwashe shararsu, kuma kuɗin ya biyo dila har Accra. Faransa na da irin wannan doka ta tufafi, sai dai kuɗin galibi a can yake tsayawa.

Ana ta zancen roba. Sauran sharar gida fa?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara da ita. Fiye da rabin sharar gidajen Ghana abin da ke ruɓewa ne: ɓawon rogo da doya, ganye, ragowar tuwo, kayan gwari da suka lalace a kasuwa. Shi ke sa bola nauyi da wari, shi ke ɓata takarda da robar da za a iya sayarwa. Akwai masana'antar taki ta ACARP a Adjen Kotoku tun 2012, akwai makamanciyarta a Kumasi, Safisana kuma a Ashaiman tana haɗa sharar kasuwa da ta bayan gida tana samar da gas da lantarki da taki. Matsalarsu ɗaya ce: shara na zuwa musu a cakuɗe, da gilashi da batir da kunzugun yara. Takin da aka tace daga irin wannan ba ya kai wanda aka ware tun daga gida.

A zango muna da sa'a guda, dabbobi. Gidan da ke kiwon tumaki ba ya zubar da ɓawon rogo da dusa, masu lambu kuma suna neman kashin dabbobi da na kaji.

Ni mai sayar da koko da waakye ce. In aka hana leda da takeaway, a me zan zuba wa mutane?

Hajiya, tambayarki a kan hanya take. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017, Ghana kuwa ta daɗe tana ja da baya, saboda masana'antun roba na ɗaukar ma'aikata da yawa kuma ruwan sha na miliyoyin mutane a leda yake. Hanin da aka sanar shi ne na takeaway, farin mazubin nan mai kama da soso: a Yunin 2025 Shugaba John Mahama ya ce za a hana shigo da shi da ƙera shi. Dalili kuwa ba ya sake sarrafuwa cikin riba, iska na kwasarsa, yana farfashewa a ruwa.

Waakye dai da ganye aka san shi, kuma har gobe akwai masu cewa na ganye ya fi daɗi, sai dai ganyen na da tsada kuma ba ya riƙe miya. Koko ya fi wuya. Wanda zai sha a wurin a ba shi kofi ko ƙoƙo, na gida ya zo da mazubinsa, ko da za a ɗan ƙara masa ludayi don ya saba. Mai wucewa zuwa aiki shi ne ba a samar wa mafita mai araha ba tukuna, kuma bai kamata a fara kama mai koko kafin a samar ba.

Tukwanen da ake zubawa da tsohon alminiyam, lafiya lau ne a dafa abinci a ciki?

Ya danganta da abin da aka narkar. Maƙerin yana danna tsohuwar tukunya cikin damammen yashi ya fitar da siffarta, ya narkar da alminiyam a kan gawayi, ya zuba, ya fasa yashin, tukunya ta fito. Sana'a ce mai kyau. Haɗarin shi ne idan aka haɗa da kayan injin mota, lagireto da makamantansu, dalma na iya shiga, kuma bincike a ƙasashe da dama ya samu dalma na fita daga irin waɗannan tukwane, musamman da miya mai tsami. Dalma na taɓa ƙwaƙwalwar yara, ba ta nuna alama da wuri. Ka tambayi maƙeri abin da yake narkarwa, kada kuma a bar miyar tumatir ta kwana a ciki.

Batirin mota ya fi wannan muni. Kada a fasa shi a gida, kada a zubar da ruwansa a gota. A sayar da shi yadda yake, da ruwansa.

In manyan kamfanoni suka shigo, ba za su ƙwace abincin masu aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da 'yan kondem ba?

Tsoron na da tushe. Tun kafa kamfanin kwashe shara na Zoomlion a 2006, manyan kwangilolin shara a hannun 'yan kamfanoni kaɗan suke. Amma babbar mota ba ta shiga lungun Nima, aboboya ke shiga, kuma shi ne ke kwashe sharar unguwannin da kamfani ba ya kaiwa. Abin da ke sa wasunsu juye kaya a bakin Odaw da dare shi ne nisan wurin zubarwa da kuɗin da ake karɓa a ƙofa. A ba su rajista, a kafa wuraren sauke kaya kusa, a biya su kan abin da suka ware, sai a ga bambanci.

Ƙungiya ita ce kariyar da ke hannu. Masu tsince-tsince a jujin Kpone sun kafa tasu, kuma da ita suke zama da hukuma. Mai kondem ɗaya ba mai kiran sa taro, amma ƙungiya mai rajista da sunayen mambobi da lissafin tan nawa take tarawa a wata, dole a saurare ta ranar da za a raba kwangila ko fili. Sarakunan zango da limamai na da rawar takawa a nan, musamman wajen neman fili mai takarda.

Ina da ɗan jari, ta ina zan shiga?

Fara da mai saye, ba da shara ba. Je ka ji wace roba masana'antun Tema da Accra ke karɓa, a wane yanayi, nawa kilo, kuma yaushe suke biya, don wasu sai an bi su bashi. Robar ruwan kwalba daban, ledar fiya wata daban, robar bokiti da kujera daban, in ka gauraya farashi ya faɗi. Riba tana cikin warewa da matsewa: roba ba ta da nauyi amma tana cin wuri, motar da ka cika da kwalaben da ba a matse ba kuɗin iska ka biya. Kana buƙatar sikeli na gaskiya, wurin ajiya da ruwan sama ba ya shiga, da izinin majalisar yankinku, in kuma za ka niƙa ko ka narkar, sai da na hukumar kare muhalli ta EPA.

Farashi na hawa da sauka, domin idan sabuwar roba ta yi araha a kasuwar duniya masana'antu na rage sayen tsohuwa. Saboda haka kada ka zuba jarinka duka a kaya iri ɗaya. Wanda kuma ke da hannun sana'a, gyaran waya, firji, injin ɗinki ko na'urar sola ya fi tara roba kawo kuɗi a kan kowace sidi da aka sa, kuma ba ya buƙatar fili sai tebur da rumfa.